Ɗigo Biyu Da Alwatika Ɗaya: Lissafin Kodinet Da Jarrabawar Ƙannenmu

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya





Kwamitin ilmi ne ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan lissafi, saboda yawancinmu a nan muna da ƙani ko ƙanwa, ko ɗan wa, da zai zauna jarrabawar fita daga sakandare nan ba da daɗewa ba. Kowa ya san abin da rashin kiredit a lissafi ke jawowa. Yaro ya ci kimiyyar sinadarai, ya ci ta halittu, ya ci Turanci, amma lissafi ya riƙe masa ƙafa, sai ka ga mai burin zama likita ko injiniya yana zaman gida shekara guda, wani ma biyu. In mace ce, sau da yawa daga nan karatun ya tsaya ke nan. To, lissafi kogi ne, ba a ƙetare shi a zama ɗaya, don haka na zaɓi mashigi guda, wato abin da ake kira lissafin kodinet. Ina neman afuwar malamanmu na lissafi da ke zaune a gaba, don kuwa ɗan da ya yi wa ubansa kirarin gidansu bai gaya masa sabon abu ba. Abin da zan faɗa a wurinsu na samo shi, sai dai aikin safiyon filaye da nake yi ya sa ina amfani da shi kusan kullum.

Da farko bari mu ga girman abin da ke gaban yaran nan. A jarrabawar WAEC takardun lissafi biyu ne. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi cikin awa ɗaya da rabi, ta biyu tambayoyi 13 ne na rubutu, a amsa 10 cikin awa biyu da rabi. Ita kuwa JAMB, wadda muka yi da fensir da takarda, tun 2015 ta koma kan kwamfuta baki ɗaya. Tambayoyi 180 ne cikin minti 120, guda 40 daga ciki na lissafi ne ga wanda ya ɗauke shi. Ku raba ku gani: daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaron da zai tsaya yana lalube a ƙwaƙwalwarsa ko wace ƙa'ida ce aka haddace don wannan tambaya, lokaci ya riga ya tafi ya bar shi.

Shi wannan fanni, asalinsa abu ne da kowane Bahaushe ya sani. In na ce muku Malam yana masallaci, sahu na 3, mutum na 5 daga dama, kun same shi ba tare da kun tambayi kowa ba. Lambobi biyu sun nuna wuri guda. In kuwa wani ya juya su, ya tafi sahu na 5 mutum na 3, sai ya dafa kafaɗar wani bawan Allah dabam. Kodinet ke nan, ba wani abu ba. A takarda ana jan layi biyu, ɗaya a kwance ana ce masa layin x, ɗaya a tsaye ana ce masa layin y, inda suka haɗu shi ne tushe, wato (0, 0). Kowane ɗigo ana faɗin matsayinsa da lamba biyu: ta farko tafiyar da za ka yi dama ko hagu, ta biyu hawan da za ka yi sama ko saukar da za ka yi ƙasa. Dama da sama lambobin da muka saba da su ne, hagu da ƙasa su ne masu alamar debewa. Kullum x ne a gaba.

Wanda ake jingina wa wannan dabara shi ne Rene Dekart, Bafaranshe, a littafinsa na jometiri da ya fito a 1637, kuma shi ne ya yaɗa al'adar nan ta sa x da y a madadin abin da ba a sani ba. Abin da ya yi shi ne ɗaura aure tsakanin fanni biyu da suka daɗe kowa na harkarsa: jometiri, ilmin siffofi da zane, da kuma aljebra, wadda sunanta ya fito daga littafin Alhawarizmi na Bagadaza, wanda aka rubuta wajen shekara ta 820. Daga lokacin, zane yana iya zama lissafi, lissafi kuma yana iya zama zane. Ku riƙe wannan, don a ganina ɗalibanmu sun saki rabin auren. Sun riƙe lissafin, sun yar da zanen.

Ku buɗe littafin kowane ɗan aji shida, za ku tarar da ƙa'idoji jere cikin akwatuna: ta nisa, ta tsakiya, ta karkata, ta layi, ta layuka masu gicciye. Kowace cike da x1 da x2 da y1 da y2, yaro yana ta tilawarsu kamar mai shirin sauka. Ranar jarrabawa sai su cakuɗe masa, ya sa tarawa inda ake debewa. Alhali duk ƙa'idojin nan daga abu ɗaya suka fito. In aka ba ka ɗigo biyu, tambaya biyu kawai za ka yi: daga na farko zuwa na biyu, taku nawa na yi a kwance, taku nawa na yi a tsaye? Waɗannan tafiyoyi biyu, tare da miƙaƙƙen layin da ya haɗa ɗigon biyu, sun zama alwatika mai kusurwar sukwaya, wato digiri 90. Duk sauran bayani a cikinta yake.

Bari mu gwada. Wanda yake da biro ya juya bayan takardar tsarin taron nan ya bi ni. Ga ɗigo A a (1, 2), ga B a (7, 10). Daga 1 zuwa 7 taku 6 ne a kwance. Daga 2 zuwa 10 taku 8 ne a tsaye. To, 6 da 8 su ne jarinmu.

Mene ne nisa daga A zuwa B? Shi ne dogon gefen alwatikar. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin da ake fitar da harsashin gini ya ga magini yana auna 3 a wannan gefe, 4 a wancan, sa'an nan ya ja igiya tsakaninsu ya tabbatar ta ba shi 5, don kusurwar ɗaki ta fita sukwaya. Ƙa'idar Faitagoras ce yake aiki da ita, ko bai taɓa jin sunan ba. Mu ma haka: 6 sau 6 ya ba da 36, 8 sau 8 ya ba da 64, a tara su 100. Wace lamba ce in an ninka ta da kanta za ta ba da 100? Amsa 10. Doguwar ƙa'idar nan da ake haddacewa ba ta ce komai ba bayan wannan.

Tsakiyar A da B fa? Ka yi rabin tafiyar. Rabin 6 shi ne 3, ka ɗora a kan 1, ka sami 4. Rabin 8 shi ne 4, ka ɗora a kan 2, ka sami 6. Tsakiya tana (4, 6). Ba zan ɓata muku lokaci a kan wannan ba.

Inda ya kamata mu daɗe shi ne karkatar layi, abin da suke kira giradiyan, don a nan tambayoyi suka fi yawa, a nan kuma aka fi faɗuwa. Karkata ita ce amsar wannan tambaya: in na yi taku ɗaya zuwa dama, nawa layin ya hau? A misalinmu ya hau 8 cikin tafiyar 6, wato 8 bisa 6, a rage shi ya zama 4/3. Tsaye a sama, kwance a ƙasa. Yaron da ya manta wanne ne a sama, a tambaye shi: hawan Dutsen Dala da hawan 'yar gadar kwalbati, wanne ya fi karkata? Zai ce Dala, saboda hawan ya fi yawa. To, ashe in hawa ya ƙaru karkata ta ƙaru, don haka hawan ne a sama. Layin da ke hawa in kana tafiya dama, karkatarsa lamba ce sak. Wanda ke gangarowa, tasa tana da alamar debewa. Layin da ke kwance shamal karkatarsa sifili ce, tun da bai hau komai ba. Wanda ke tsaye ƙyam kamar turken lantarki kuwa ba a faɗin karkatarsa da lamba, domin tafiyarsa a kwance sifili ce, kuma ba a raba abu da sifili. Waɗannan biyu na ƙarshe masu shirya tambaya suna son su ƙwarai, saboda sun san mai hadda zai rikita su, mai zane kuwa da ido zai gani.

Daga karkata sai ƙa'idar layin kansa, wadda ake rubutawa y = mx + c. Mutane suna jin tsoronta ba dalili. Ku ɗauka tanki ne da lita 200 a ciki, aka kunna famfo yana zuba lita 50 kowane minti. Bayan minti x, ruwan da ke ciki shi ne y = 50x + 200. Wato c abin da ka tarar tun kafin a fara, inda layin ya yanki layin y, m kuwa yawan ƙaruwa a kowane taku, karkata ke nan. A layinmu na A da B mun san m ita ce 4/3. Don samun c sai mu sa A a ciki: 2 = 4/3 + c, saboda haka c ita ce 2/3. A ninka ko'ina da 3 don a rabu da ɓarin lamba, sai a sami 3y = 4x + 2. Kada yaro ya tashi daga nan sai ya gwada da ɗaya ɗigon. B yana (7, 10): 3 sau 10 ya ba da 30, sa'an nan 4 sau 7 a ƙara 2 shi ma 30. Ya tabbata. Wannan gwaji bai fi daƙiƙa biyar ba, kuma a tambayoyin zaɓi shi kaɗai ma yana isa: ka sa ɗigon da aka ba ka cikin amsoshin da aka jera, wadda ba ta karɓe shi ba ka soke ta.

Akwai tarko a nan da nake roƙon ku nuna wa yara. Za a ba su 2y + 6x = 8 a ce su faɗi karkata. Mai gaggawa ya ga 6 a jikin x, ya duba amsoshi ya ga 6 tana nan tana jiransa, don da gangan aka sa ta. Ba a karanta karkata sai y ta tsaya ita kaɗai a gefe guda. In aka gyara, y = −3x + 4, karkata −3 ce.

Na ambaci alamar debewa, to bari in tsaya a kanta, don ita ce ɓarauniyar maki ta ainihi. Ga P a (−3, 4), ga Q a (2, −8). Mai hadda zai rubuta 2 − −3, ya dubi alamomi biyu a jere, ya haɗiye ɗaya, ya sami −1. Mai zane zai ga cewa daga −3 zuwa sifili taku 3 ne, daga sifili zuwa 2 taku 2, jimla 5. Daga 4 kuma ya sauko zuwa sifili taku 4, ya ci gaba zuwa −8 taku 8, ya sauka 12 ke nan. Alwatikarsa 5 da 12 ce. Nisa: 25 da 144 sun ba da 169, wato 13. Karkata −12/5, kuma ya san dole ta ɗauki alamar debewa tun da da idonsa ya ga layin yana gangarowa. Yana da kyau yaro ya saba da 'yan ukun nan da ke yawan fitowa, 3, 4, 5 da 6, 8, 10 da 5, 12, 13 da 8, 15, 17, don da ya hango biyu ya san na ukun. Haddar da na yarda da ita ke nan.

Saura layuka biyu in sun haɗu a tambaya ɗaya. Waɗanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa kamar ƙarafan titin jirgin ƙasa karkatarsu ɗaya ce, ba sa haɗuwa. Waɗanda suka gicciye juna a kusurwar sukwaya, littafi ya ce in ka ninka karkatarsu za ka sami −1, amma ba kasafai ake gaya wa yaro dalili ba. Dalilin a alwatikar yake. Ka yanke ta da almakashi, ka juya ta rubu'in zagaye: gefen da ke kwance ya miƙe tsaye, na tsaye ya kwanta, layin da ke hawa ya koma gangarowa. Shi ya sa 4/3 take komawa −3/4, a kifa ta a sauya alama. Ga amfaninsa. A ce A da B ƙauyuka ne biyu, awon kuma na kilomita ne, ana so a haƙa rijiyar burtsatse a bakin hanyar mota, wadda ita ce layin y, ta yadda babu ƙauyen da zai ce an fifita ɗan'uwansa. Duk wurin da nisansa ɗaya ne daga ƙauyukan biyu yana kan layin da ya ratsa tsakiya, (4, 6), da karkatar −3/4. Layin shi ne 3x + 4y = 36. A bakin hanya x sifili ce, don haka y ta zama 9. Rijiya tana (0, 9). Ku gwada: zuwa A taku 1 da 7, zuwa B taku 7 da 1. Alwatika iri ɗaya, nisa iri ɗaya, rigima ta mutu.

Wani zai ce, to bayan jarrabawa ina amfaninsa? Duk wanda ke da takardar mallakar fili a cikinmu ya duba taswirar da ke maƙale da ita. Kowane dutsen shaida da aka binne a kusurwar filin yana da lamba, kuma a ma'aikata an rubuta masa lambobi biyu, nisansa ta gabas da nisansa ta arewa. Su ne x da y. Tsohon awon ƙasar nan ma yana da nasa tushen, wani ɗigo da ake kira L40 kusa da Minna. In maƙwabci ya tone dutse cikin dare ya matsar da katanga, ba rantsuwa muke nema ba, lambobin nan muke ɗaukowa mu mayar da dutsen inda yake. Da su muke fitar da tsawon kowane gefe, da irin lissafin 6 da 8 da muka yi ɗazu, da su kuma muke fitar da faɗin filin gaba ɗaya. Haka wayar da ke aljihunku, in ta ce Kano tana wajen digiri 12 arewa da 8.5 gabas, kodinet ta ba ku. Layin kwance shi ne wanda ya raba duniya biyu, na tsaye shi ne na Girinwic da aka amince da shi a 1884, wanda ya ratsa ta Tema a ƙasar Gana. Sai dai a nan arewa ake fara faɗa kafin gabas, wato y kafin x, kada yaro ya kai wannan al'ada zauren jarrabawa.

Game da takardar rubutu, malamanmu da suka yi aikin duba jarrabawa za su ba ni shaida cewa maki kashi-kashi ne: akwai na hanya, akwai na amsa. Yaron da ya rubuta matakansa, ko ya yi tuntuɓe a ƙarshe, ya tsira da makin hanya. Wanda ya ajiye amsa tsirara kuwa, in ta kuskure ya tashi a tutar babu. Sai kuma tambayar giraf, wadda a ganina kyauta ce ake raba wa ɗalibai suna ƙin karɓa. Abin da ke kayar da su shi ne sikeli. Babban gida a takardar giraf santimita 2 ne, da ƙananan gidaje 10 a cikinsa. In aka ce santimita 2 a matsayin 1, ƙaramin gida 0.1 ne. In aka ce santimita 2 a matsayin 5, ƙaramin gida 0.5 ne. Sau da yawa sikelin x dabam ne da na y a tambaya ɗaya, kuma wanda ya ƙirga gidaje don fitar da karkata maimakon ya karanta lambobin da ke jikin layukan, ya yi asara. Wannan ba a koyonsa da ka, sai hannu ya saba. Shi kuwa wanda hannunsa ya saba da zane a takarda, ranar da ya zauna gaban kwamfutar JAMB alwatikar za ta zo masa a zuci.

A nan ne maganar ta dawo kanmu, ranka ya daɗe. Malami ɗaya da aji cike maƙil ba zai iya bin kowane yaro ya ga inda ya ɗiga fensirinsa ba, komai ƙoƙarinsa, kuma yaron da bai mallaki littafin giraf ba sai ana gobe jarrabawa, an riga an cuce shi. Mun saba in mun tara kuɗi mu yi fenti, mu gyara ƙofar shiga, mu kafa allo da sunan ajinmu. Ban ce wannan laifi ne ba, amma fenti ba ya zama jarrabawa. Ina ba da shawara daga asusun bana a saya wa kowane ɗan aji biyar da aji shida littafin giraf da rula da fensir tun farkon zango. A sa kafinta ya yi wa kowane ajinsu allo guda mai zanen gidaje da fenti, don malami ya daina ɓata rabin darasi yana jan layuka. Na uku, mu da muke zaune a garin nan, injiniyoyi da masu safiyo da akantoci da malamai, mu raba Asabar a tsakaninmu, kowa ya ɗauki awa biyu sau ɗaya a wata, ƙarƙashin jagorancin shugaban sashen lissafi, shi zai ce ga abin da za a yi. Ba wai mu zo mu yi lacca ba. Mu zauna da yara goma goma, da tsofaffin takardun WAEC da NECO da JAMB, kowace tambayar kodinet a zana ta kafin a taɓa lissafinta. 'Yan'uwanmu mata da suka karanta kimiyya, ina roƙonku musamman, domin 'yan mata sun fi sakin jiki su yi tambaya in yayarsu ce a gabansu.

Na riga na sa sunana a Asabar ta farko. Takardar tana hannun sakatare, zai zagaya da ita kafin a tashi cin abinci, kowa ya rubuta ranar da ta yi masa.